Ranar da Na Ci Amalanken Surukina

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da aka ba ni amalanke a gaban jama'ar garinmu ba. Ko da ma na yi niyyar mantawa, akwai mutum fiye da ɗari da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta, fisabilillahi. To tun da haka ne, gara in ba ku labarin da bakina, kafin ku ji shi wajen masu shan shayi an ƙara masa sukari.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Cadakori, cikin yankin Gidan Rumji. Karatuna na allo ne, rubutuna na ajami. Lakol kuwa, wato makarantar boko, shekara uku na yi, sai daga baya da gemuna na koma ajin manya na ƙaro abin da ya sawwaƙa na faransanci. Shekaru da yawa ni ne mai rubuta wa mai gari takardun gonaki: wane ya sayar, wane ya ba da jingina, wane ya gada, daga wace gamba zuwa wace gamba. Saboda haka babu iyakar gonar da ban sani ba a garin nan. Mutane suna ce mini Malam, kuma (Allah ya yafe mini) ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Wata shekara bayan an gama girbi, wani furoje, wato shirin raya karkara, na itatuwa da ya yi aiki a ƙasar Agye da Gazawa ya iso wajenmu. Aikinsu shi ne su ƙirga itatuwan da manoma suka bari suka girma a cikin gonaki, gona-gona, sannan a girmama wanda ya fi kowa. Kyautar kuwa amalanken jaki ne sabo. Suka nemi wanda ya san iyakoki kuma yake iya riƙe alƙalami, mai gari ya nuna ni.

Ba da ƙafa suke ƙirgawa ba. Suna da wani ɗan jirgi maras matuƙi da suke kira dron, faɗinsa bai fi na faifai biyu ba. Yana tashi sama yana sako wani haske da ido ba ya gani. Duk inda hasken ya taɓa, ganye ne, reshe ne, ƙasa ce, ko bayan akuyar da ta zo wucewa, sai ya rubuta ɗigo ɗaya: ga inda yake, ga tsawonsa daga ƙasa. In aka tara ɗige-ɗigen nan a ordinater, wato kwamfuta, sai ka ga ƙasarmu gaba ɗaya ta tashi tsaye kamar gajimare, ga gawo, ga rijiya, ga rumbuna, duk da ɗigo aka gina su. Ranar da na fara gani sai da na yi salati. Ni da na girma ina ganin ɗigo ɗaya a kan allo yana sa a ja wa yaro kunne, yau ga miliyoyinsu sun taru sun zama tsamiyar ƙofar gidan mai gari.

Shugabar aikin wata mata ce daga Yamai, Madam Biba, gajeruwa mai tabarau, Bazabarmiya. Kun san wasan tsokanar da ke tsakanin Zabarmawa da mu Gobirawa. Ranar farko ta dubi tsagen fuskata, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, furoje ya ba ni mota, yanzu kuma ya ba ni bawa."

Na ce, "Madam, bawan da zai nuna miki hanya ai shi ne ubangida."

Daga nan muka shirya. Mako uku tana koya mini aiki a wani ɗaki na bayan lakol da muka mayar buro, wato ofis, da farantin hasken rana a kan rufi. Ni kuma duk abin da ta faɗa in rubuta shi da ajami a littafina, ita ta leƙo ta ce tsutsotsina sun ƙara ƙiba.

Babban abin da ta koya mini shi ne yanka gajimaren. Ta ce akwai wani rumbun bayanai a cikin ordinater inda ake zuba ɗige-ɗigen, daga can ne na'ura take gane itace ta ƙirga shi, ta kuma duba gonar wa ya faɗa. Amma ba a zuba su gaba ɗaya.

"Malam, in ka girbe gero, gonar kake ɗauka dungum ka jefa cikin rumbu?"

"A'a, dami-dami ake ɗaurewa."

"To haka nan. In ka ba ordinater gajimaren nan dungum, shaƙewa zai yi. Sai ka yanka shi fegi-fegi masu kusurwa huɗu, ka zuba ɗaya bayan ɗaya."

Wannan ya shige ni nan take. Ka'idojin uku ne. Ka zaɓi wurin da yankan zai fara. Ka zaɓi faɗin fegi, tsakanin mita hamsin da ɗari. Sannan ka sa kowane fegi ya ari mita biyar daga maƙwabtansa ta gabas da yamma da kudu da arewa. Ta yi mini bayanin dalilin wannan aro, na rantse ta yi. Amma lokacin ina can ina gyara bakin alƙalamina, bayanin ya wuce ta saman hulata. Da ta ce, "Ka gane?" sai na ce, "Sarai." (Ku faɗa mini, Malam guda mai gemu, wanda ake tambaya hukuncin gado, ya ce wa 'yar Zabarmawa da ya isa ya haife ta ta sake maimaitawa? Ai Shaiɗan bai bar ni ba.)

Ana sauran kwana takwas bikin ba da kyauta, aka kira ta Yamai, ƙanwarta za ta yi aure. Ta ce jirgi ya gama nasa, iyakokin gonaki kuma mun riga mun taka su mun shigar, saura yanka da zubawa kawai. "Ka iya, Bagobiri, ko in kira yaro daga Maraɗi?"

Na ce ta tafi ta ci shinkafarta, ta bar maza da aiki.

Washegari bayan na yi walaha na zauna gaban ordinater, na yi bisimilla. Ka'ida ta farko, wurin farawa. Na duba gajimaren nan, na ga babu wurin da na sani kamar tafin hannuna irin babban gawon da ke kusurwar gonarmu ta gado. Mai hankali daga abin da ya sani yake farawa. Na dasa alama a tsakiyar gawon. Ka'ida ta biyu, faɗin fegi. Nan ma ban wahalar da kaina ba. Gonar tamu siririya ce doguwa, ta miƙe daga kudu zuwa arewa, kuma marigayi mahaifina ya dasa mata layi biyu na dogonyaro, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, don su tare iskar hadari. Ya ja su da igiya, sun miƙe sar. Tsakanin layi da layi mita sittin ne, na sha aunawa. Sittin kuwa tana tsakanin hamsin da ɗari. Na rubuta sittin. Ban kawo komai a raina ba, wallahi, illa dai na ji daɗi aikin furoje guda zai tashi daga awon mahaifina.

Sai ka'ida ta uku. Na rubuta biyar, na danna. Nan take fegi-fegin suka bayyana a fuskar ordinater, sai na ga kowanne ya miƙa ƙafa cikin na kusa da shi, wurin da suka hau juna ya yi ja wur. Na janye hannuna da sauri.

Ku fahimce ni. Tun ina ƙarami malamanmu suke tsoratar da mu cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, da shi za a rataya masa a wuya ranar hisabi. Da idona na ga wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya sun shekara bakwai ba sa gaisawa saboda tushen gamba ɗaya da ya matsa. Ni ne ake kira in tsaya a kan iyaka in ce nan ne. Yau kuma ni da hannuna zan sa kowane fegi ya ci mita biyar na ɗan'uwansa, ta fuska huɗu? Na ce a raina, wannan dai al'adar mutanen birni ce, waɗanda ba su san zafin ƙasa ba. Na goge biyar, na rubuta sifili. Jan nan ya ɓace. Layuka suka tsaya tsaf, kowa a haƙƙinsa, babu cuta babu cutarwa. Na ji sanyi a ƙirjina kamar na raba gardama a gaban alƙali.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, da na fara zubawa cikin rumbu sai aikin ya yi ta gudu. Abin da yake ɗaukar mu yini ni da Madam, kafin la'asar ya kammala. Na ce, "Allahu akbar, ka ga albarkar halal." (Yanzu na san dalilin: damman sun rage nauyi ne kawai. Amma a ranar har nafila na ƙara.)

Saura kuskure ɗaya, shi ma tsoron Allah ne ya kai ni. Da na'ura ta gama ƙirga, ta jera sunayen manoma daga na sama zuwa na ƙasa, sai na ce kada in karanta. Kowa ya san surukina, mahaifin matata, shi ake sa ran zai ci. Dattijon nan ya fi shekara ashirin bai tumɓuke kututture a gonarsa ba. In toho ya fito sai ya zaɓi mai ƙarfi ya bari, ya sassabe saura, tun mutane suna ce masa malalacin manomi har suka koma suna zuwa kallo. Gonarsa yanzu gawo ne da kalgo da aduwa da magarya, in ka shiga sai ka ji iska ta canza. To na ce in na leƙa takardar nan, gobe wani zai ce Malam ya gyara wa surukinsa. Na kau da kai na sa injin ya buga, na naɗe ta ido a rufe, na sa cikin ambulan, na liƙe da ƙaro, na kai wa mai gari a gaban shaidu biyu. A ƙofar masallaci har ina cewa, "Wannan karon ba ɗan Adam ne ya ƙirga ba, balle a ce son kai. Ni kaina ban san abin da ke ciki ba."

Uwar 'ya'yana kuwa tun ana jibi take gidansu, ana wanke wa Baba babbar riga ana daka fura ta baƙi.

Ranar biki aka taru a gindin tsamiya da hantsi. Ga mai gari, ga liman, ga baƙi daga meri, ofishin magajin gari, a kan kujeru, mata a gefe guda, makaɗa a gefe guda. Ga amalanke a tsakiya, kore shar, tayoyinsa ko ƙasa ba su sani ba. Surukina yana zaune a kan buzunsa a sahun gaba, ya sha rawani, yana jan carbi kamar ba don shi aka taru ba. Ni kuma na sa farar rigata ta Juma'a, na zauna inda kowa zai gan ni.

Madam Biba ta sauko daga mota ana gab da farawa, lallen biki bai bar hannunta ba. Ta ce, "Bawana, ka bi ka'ida?"

Na ce, "Na bi, har da ɗan gyara."

Ta sauke tabarau ta dube ni. Ta buɗe baki ke nan ganga ta tashi, aka ja ta zuwa kujera.

Mushe, malamin lakol, shi ne ya ɓalle ambulan. Yana karantawa, Ɗanjimma sanƙira yana ɗaga murya yana isar wa jama'a. Aka fara daga na uku, wata gwauruwa ce mai ƙoƙari, mata suka rangaɗa guɗa. Sai mushe ya ce na biyu, ya matso da takardar kusa da ido, sannan ya faɗi sunan surukina. Itace ɗari da tara.

Mai guɗar da ta riga ta ɗauko numfashi ta haɗiye abinta. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Wane ne wannan da zai wuce Baba a garin nan? Na karkata wajen wanda ke kusa da ni, na ce da ƙarfin da mutum biyar suka ji, "Ko wane ne wannan na ɗayan, ya kamata a bincike shi."

Ban rufe baki ba mushe ya kira sunana. Itace ɗari da ashirin da uku.

Jama'a, gonata tana bakin hanyar kasuwa. Babu wanda bai taɓa hutawa a inuwar dogonyaron nan ba. Yara sun ƙirga su, makiyaya sun ƙirga su, ba su cika sittin ba, tsakiyar gonar kuwa fayau take kamar filin idi. Kuma kowa ya san wanda ya kwana takwas shi kaɗai da ordinater.

Shi sanƙira babu ruwansa da gaskiyar lissafi, suna aka ba shi. Sai kawai na ji ya ɓarke: "Na ɗaya! Malam ɗan Malam! Mai alƙalami mai itace! Dajin da ba a gani sai an rufe ido!" Makaɗa suka bi shi. Wasu samari suka kama hannuna suka miƙar da ni, suka kai ni suka ɗora tafina a kan amalanke. Ƙarfen nan da sanyinsa, amma ji na yi kamar na dafa tukunya. Na hango matata cikin mata ta ja mayafi ta rufe har goshi. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ita ma tana kallo.

Sai surukina ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Tun da na auri 'yarsa magana ba ta taɓa haɗa mu ba in ban da gaisuwa, ni a tsugune kai a ƙasa. Yau ma bai dube ni ba, sanƙira ya kira.

"Ɗanjimma, gaya ma mijin ɗiyata ina taya shi murna."

Ɗanjimma ya kwarara: "Alhaji yana taya ka murna!"

"Ka kuma tambaye shi, don Allah, wane irin taki yaka sa ma iccen nan nai, da sunka haihi tagwaye cikin mako guda. In da saura, shi taimaka mani da tiya ɗaya."

Ɗanjimma bai kai ƙarshen isarwa ba dariya ta ƙwace masa. Daga nan wurin ya fashe. Mai gari yana dariya yana share hawaye da bakin rawani, baƙin meri suna bubbuga gwiwa, har makaɗin ganga ya kwanta a kan gangarsa. Ni kaɗai ne a tsaye, hannu a kan amalanke, ina cewa, "Wallahi ban karanta ba, wallahi ban karanta ba," wanda shi ne dai abin da ɓarawo zai faɗa.

Allah ya saka wa Madam Biba da alheri, ita ta cece ni, ko da yake sai da ta gasa ni tukuna. Ta aika aka ɗauko ordinater, ta ɗora a kan amalanken, ta buɗe gajimaren, ta nemo gonata. Ta duba ta da kyau. Sannan ta juyo da fuskar na'urar wajen dattawa ta ce su matso.

Ga layin dogonyaron mahaifina na gabas, layin yanka ya bi ta tsakiyarsu tun daga kudu har arewa, ya raba kowanne biyu kamar an tsaga kabewa. Ga na yamma, haka. Fegin dama ya ga rabin itace ya ce itace ne, ya rubuta ɗaya. Fegin hagu ya ga ɗaya rabin, shi ma ya rubuta ɗaya. Babban gawon kusurwa kuwa, inda na dasa alamata, fegi huɗu ne suka haɗu a kansa, kowanne ya ɗauki ƙafa guda kamar naman layya. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "Wayyo, an yi ma itatuwan Malam aski rabi da rabi."

Madam ta ce, "Malam, nawa ka sa aro?"

Na ce a hankali, "Sifili."

"Ɗaga murya, iyayengijinka ba su ji ba."

"Sifili!"

"Don me?"

Na gyara tsayuwa, don a nan ina ganin ina da hujja. Na ce, "Don cin iyaka haramun ne."

Liman ne ya fara. Mutum ne mai nauyi, ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, Allah shi ba ka ladan niyya. Amma in inuwar iccen maƙwabcinka ta faɗo gonarka ka duba ta, mi ka ci nai? Ɗigon nan ana shuka gero cikinsa?"

Sai Madam ta sake yin bayanin nan da ya wuce ta saman hulata, wannan karon a gaban gari guda, ni kuma kunnuwana a buɗe har da na aro. Ta ce fegi yana aron gefen maƙwabcinsa ne don in itace ya faɗo a kan layi ya gan shi cikakke. Duk fegin da ƙololuwar itacen take cikinsa, shi zai rubuta shi. Ɗayan ya gani ya san ba nasa ba ne, ya bari. In an gama sai kowa ya mayar da abin da ya ara. "Aro ne, Bagobiri, ba ci ba. Leƙawa ce a dawo." Ta ƙara da cewa ko da na sa sifili, da ban fara yanka daga gonata da awon gonata ba, da ɓarnar ta watsu kaɗan-kaɗan a kan kowa. Amma ni na haɗa kuskure uku na jera su a layi, duk suka zuba a aljihuna.

Wani daga baya ya ce, "To a bincike shi ɗin, ai shi ya nema!"

Mai gari ya yanke cewa a sake aikin nan take, a gaban kowa. Aka kawo fura da aka dama don murnar Baba, aka sha. Na zauna a gindin tsamiya da ordinater a cinya, gari guda a bayana, na rubuta biyar da yatsan da ya goge ta. Jan nan ya dawo, wannan karon na ce masa marhaba. Muka yi azahar, muka dawo, na'ura tana ta zuba dami-dami. Gab da la'asar sabuwar takarda ta fito, kuma na karanta ta sau uku kafin in miƙa. Surukina na ɗaya, da ɗari da biyu. Gwauruwar nan ta hau ta biyu. Ni ko cikin goman farko ban leƙa ba, kuma ban taɓa murnar faɗuwa irin ta ran nan ba. Guɗar da aka haɗiye da hantsi ta fito da ribarta.

Na ɗauka an gama. Sai mai gari ya ce, "Amalanke dai an riga an damƙa shi hannun Malam a gaban shaidu. Wanda aka damƙa ma amana shi ka kai ta gidan mai ita." Furoje kuwa amalanke ya bayar, bai ba da jaki ba.

Na naɗe farar rigata, na shiga tsakanin sandunan nan biyu na kama. Surukina ya miƙe, ya ce wa Ɗanjimma ƙafafunsa sun yi tsami da zama, a taimaka masa ya hau. Aka shimfiɗa masa buzu a kai. Madam Biba ta ce ai ba a taɓa yin bawa yana ja uwargijiya tana tafiya ƙasa ba, ita ma ta ɗare. Haka muka ratsa gari, ganga a gaba, mata a baya, ni a tsakiya ina zufa. Abin mamaki, tun kafin mu wuce masallaci na ji ni ma ina dariya, don nauyin da ke bayana bai kai rabin wanda ya sauka daga ƙirjina ba.

Da muka kusa gida, hayaniya ta ɗan ja baya, sai na ji muryar dattijon a saitin kunnena, ba ta bakin sanƙira ba. Karo na farko ke nan a shekara goma sha shida.

Ya ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ka san aduwar nan ta iyakata da Idi? In zan sassabe ta, gonar Idi nika shiga in tsaya in dube ta, don daga wajena rabinta kawai nika gani. Shekara talatin ke nan. Ban taɓa ɗauko mashi ko kara ɗaya ba."

Na ce, "Na ji, Baba."

"To ja da kyau, akwai rami gaba."

A ƙofar gida ya sa aka ba ni ruwa a kwanonsa na kansa, abin da matata ta ce ko 'ya'yansa maza ba su taɓa samu ba. Ita kuwa sai da ta kwana biyu tana kawo mini tuwo a yanke biyu, ta ajiye ta ce, "Ga malmala biyu nan, Malam, ka ci ka ƙoshi."

Furoje bai kore ni ba. Madam ta ce wanda ya yi wannan kuskure a gaban garinsu ba zai sake yin sa ba har abada, don haka ta tafi da ni wasu garuruwan, ni nake koya wa sababbi yanka gajimare. In na zo kan ka'ida ta uku nakan ajiye alƙalami in ce kowa ya dube ni, in kuma wani ya yi saurin cewa "Sarai," shi nake sa ya maimaita.

A kasuwar Cadakori har yau in na tsaya wajen mahauci sai ya ɗaga tsoka ɗaya ya ce, "In ba ka haka, ko in yi maka rabon Malam ta zama biyu?" Nakan ce ya yi mini, in dai kuɗin ɗaya zai karɓa. Abin da na koya dai shi ne, tsoron Allah ba ya hana tambaya, girman kai ne yake hanawa, kuma su biyun in sun sa farar riga kama suke yi ƙwarai. Sannan duk takardar da za ka liƙe da ƙaro don mutane su shaida kai mai gaskiya ne, ɗan'uwa, ka leƙa ta tukuna.